Asalin Azumin Kwana Arba'in Kafin Ista

Yau za mu duba inda azumin nan da ake kira Lent ya samo asali.

Babu inda Littafi Mai Tsarki ya umarce mu mu yi azumin kwana arba'in kafin Ista. Ubangiji ya yi nasa a jeji, Musa da Iliya ma sun yi, amma ikilisiyar farko ba ta fara da wannan lissafi ba. Wajen shekara ta 190, Ireniyus Bishop na Liyon, a ƙasar Faransa ta yau, ya rubuta wa Bishop na Roma cewa waɗansu kwana ɗaya suke yi, waɗansu biyu, waɗansu fiye da haka, kuma bambancin bai raba su ba. Har wajen shekara ta 340 Atanasiyus na Iskandariya yana fama da Kiristocin Masar su karɓi kwana arba'in, kada su zama abin dariya alhali sauran duniya tana azumi.

To, me ya tsawaita azumin? Baftisma ce. A zamanin nan a daren Ista ake yi wa sababbin masu bi baftisma. Wata mata mai suna Egeriya, wadda ta ziyarci Urushalima wajen shekara ta 381 zuwa 384, ta ba da labarin yadda ake rubuta sunayensu a farkon azumi, Bishop yana tambayar maƙwabtansu game da halinsu, sa'an nan ya zaunar da su yana koya musu Maganar Allah awa uku kowace safiya. Ba a bar su su kaɗai ba. Tun wajen shekara ta 150 Jastin Mai Shahada ya shaida cewa jama'a sukan yi addu'a da azumi tare da masu shirin baftisma.

Akwai kuma waɗanda suka faɗi cikin babban zunubi. A Roma da kewaye akan sa musu tsummoki, a hana su Jibin Ubangiji, sai ranar Alhamis kafin Ista a karɓe su a gaban kowa. Toka a ka alamarsu ce tun farko. Da aka bar wannan horo na fili, tokar ba ta ɓace ba: a shekara ta 1091 Paparoma Urban na Biyu ya ce a shafa wa kowa, limamai da jama'a, maza da mata. A ganinmu wannan shi ne abu mafi nauyi a cikin tarihin duka, gama alamar da take nuna mai laifi ta koma goshin mai wa'azi ma. Mu da muke da bencin horo a bayan majami'a, ko mun taɓa ƙin cin abinci yini ɗaya saboda wanda yake zaune a kai?

Lissafin kwanakin kuwa daga baya ya daidaita. Mako shida ban da Lahadi kwana 36 ne, sai aka ƙara huɗu a gaba, shi ya sa ake farawa ran Laraba ta Toka.

Da azumin ya zama doka mai hukunci, gardama ta tashi. A shekara ta 1522 waɗansu mutane a birnin Zurik suka ci nama da gangan cikin azumi, Zwingli kuma ya kāre su a wa'azi. Har wa yau Katolika da Anglikan da Lutaran suna kiyaye lokacin, ikilisiyoyi da yawa kuwa ba sa yi.