Yuri Gagarin: Ɗan Ƙauyen Da Ya Fara Zuwa Sararin Samaniya

Yuri Gagarin shi ne mutum na farko da ya fita sararin samaniya ya kewaye duniya, ya kuma dawo da ransa. An haife shi ran 9 ga Maris, 1934, a ƙauyen Klushino da ke yankin Smolensk na ƙasar Rasha, a zamanin Tarayyar Sobiyet. Mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa kuwa tana kula da shanun tatsa a gonar gamayya.

A shekarar 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Jamus suka mamaye ƙauyen, suka ƙwace gidansu. Iyalin suka koma wata 'yar bukkar ƙasa a bayan gidan, suka yi kusan shekara biyu a ciki. Aka kwashi yayyensa biyu zuwa aikin tilas, karatunsa ma ya tsaya. Mun ga ya dace mu jaddada wannan, domin yaron da yaƙi ya katse wa makaranta bai daddara ba. Daga baya ya shiga koyon sana'ar narka ƙarfe kusa da birnin Mosko, yana zuwa ajin yamma bayan an tashi aiki. Daga nan ya wuce makarantar fasaha ta Saratov, inda ya fara koyon tuƙin jirgin sama a ranakun hutu. A 1957 ya zama matuƙin jirgin yaƙi.

A 1960 aka zaɓe shi cikin mutum 20 da za a horar su zama 'yan sama jannati. Gajere ne, tsawonsa mita 1.57, wanda kuwa ya yi masa rana, saboda cikin kumbon ba shi da yalwa.

Ran 12 ga Afrilu, 1961, kumbon Vostok 1 ya tashi da shi daga Baikonur, a Kazakistan ta yau. Ya kewaye duniya sau ɗaya, tafiyar duka minti 108. Kafin ranar babu wanda ya san ko hankalin ɗan Adam zai jure rashin nauyi a can sama, don haka aka kulle na'urorin tuƙi, aka sa lambar buɗe su cikin ambulan saboda ko ta kwana. Wajen dawowa wani sashe na kumbon ya ƙi rabuwa a kan lokaci, kumbon ya dinga juyi da shi har wayoyin da suka riƙe sashen suka tsinke. Yana saura kilomita 7 ya iso ƙasa ya fice, ya sauko da laima a wata gona kusa da garin Engels. Waɗanda suka fara ganinsa wata manomiya ce da jikarta. Hukumomin Sobiyet sun ɓoye batun saukarsa da laima har zuwa 1971.

Bayan haka ya ziyarci ƙasashe da dama, har da Masar da Ghana, amma ba a sake tura shi sama ba. Ran 27 ga Maris, 1968, jirgin MiG-15 da yake atisaye da shi tare da malaminsa Vladimir Seryogin ya faɗi, duk suka rasu. Yana da shekara 34. A wannan shekarar aka sauya wa garin Gzhatsk, na kusa da ƙauyensu, suna zuwa Gagarin. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 12 ga Afrilu a matsayin ranar tunawa da tafiyar ɗan Adam zuwa sararin samaniya.