Suna uku, mutum ɗaya: neman asalin iyali cikin takardun mulkin mallaka a Nijar

Unguwar Bobiyel, a arewacin birnin Yamai, tana cikin unguwannin da suka bunƙasa daga baya, kuma da yawa daga magidantanta ba nan aka yanke musu cibiya ba. Aiki ne ko kasuwanci ya kawo su daga Maraɗi, Damagaram, Adar ko Arewa. A ɗaya daga cikin gidajen nan ne gwaggona ta buɗe mini adakar mahaifinta, wato kakana, mutumin ƙasar Maraɗi. Mun tarar da rasiɗan haraji, da katin iyali, da ɗan littafin soja. Rasiɗan sun ce sunansa «Nomao», katin ya ce «Mamane», littafin soja kuwa ya ce «Mahamane», an haife shi «vers 1920», wato wajejen 1920. Na tambaye ta wanne ne na gaskiya. Sai ta ce: «Ɗana, duka nasa ne. Nasara ne dai bai iya ji ba.»

Amsar nan tata ita ce tushen wannan ɗan nazari. Abin da muke so mu nuna shi ne, mai neman tarihin danginsa cikin takardun hukuma yana fuskantar matsalar harshe tun kafin ya kai ga matsalar tarihi.

Inda takardun suke

Takardun sun bi sawun mulkin da ya haife su. A 1900 Faransawa suka kafa yankin mulkin soja a ƙasar nan. A 1911 hedkwatarsa ta koma Damagaram. A 1922 ya zama ƙasar mallaka sosai, sannan a 1926 aka dawo da hedkwata Yamai. Kowane kwamandan sarkal yana aika rahoto ga gwamna, gwamna kuma yana aikawa Dakar, mazaunin babban gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa. Saboda haka labarin ƙauye guda yana iya rabuwa gida uku: wani a ma'ajiyar takardun ƙasa ta Yamai, wani a Dakar, wani a Aix-en-Provence cikin Faransa, inda aka tara takardun ƙasashen ƙetare tun 1966. Wanda kakansa ya tsallaka iyaka kuwa, sai ya haɗa da ma'ajiyar Kaduna, inda Ingilishi suka rubuta sunayen nan da irin tasu ƙa'ida.

Mafi amfani ga mai neman dangi su ne rahotannin rangadi da littattafan ƙidaya na kanto, da rajistar kotunan gargajiya waɗanda dokar 1903 ta tsara, da takardun ɗaukar soja. Sai dai ya kamata a tuna dalilin rubuta su. An ƙirga mutane ne don haraji, don aikin tilas, wanda ba a soke ba sai a 1946, da kuma don soja. Talaka ya san haka sarai. Idan kwamanda ya sauka a gari, yara maza sukan shige cikin rumbu ko su bi dabbobi daji, wasu gidaje ma su kwana a Najeriya har ya wuce. Rashin ganin sunan mutum cikin littafin ƙidaya na wata shekara ba hujja ba ne cewa ba a haife shi ba tukuna.

Kunnen Bafaranshe da bakin tafinta

Suna yakan bi ta hannu uku kafin ya sauka a takarda: mai gari ya faɗa, tafinta ya maimaita, magatakarda ya rubuta da ƙa'idar Faransanci. Shi magatakardan ma sau da yawa baƙo ne, daga Dahome ko Sanagal, ba ya jin Hausa. Wasu sauye-sauyen suna da tsari, ana iya koyonsu cikin yini guda: «ou» na tsayawa a madadin u ko w, «tch» a madadin c, «dj» a madadin j, «ch» a madadin sh. Ta haka Tasawa ta zama Tessaoua, Tawa ta zama Tahoua, Gidan Rumji ya zama Guidan Roumdji, Dogon Dutsi ya zama Dogondoutchi. Haruffa masu lanƙwasa kuwa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sun ɓace ɗungum, shi ya sa Maraɗi da Ƙonni suka rasa ƙugiyoyinsu. Kalmar «ƴar» takan fito a matsayin «Yar» ko «El», gwargwadon karin harshen yankin. Ko Landeroin, hafsan tafinta na ayarin Tilho da ya shata iyakar Nijar da Najeriya daga 1906, wanda ya ji Hausa har ya wallafa nahawu da ƙamus tare da Tilho a 1909 da 1910, da wannan rubutu na Faransanci ya kama sunayen sarakunan da ya tattara tarihinsu.

Matsala mafi zurfi tana cikin al'adar sanya suna ita kanta. Bahaushe yana da sunan yanka, yana kuma da laƙabi, kuma sau da yawa laƙabin ne ke yawo a gari, domin alkunya tana hana uwa kiran sunan ɗan fari, tana hana surukai kiran sunan wanda ya ci sunan maigida. Muhammadu shi ne Mahamman, shi ne Mamman. Abubakar shi ne Bukari, shi ne Garba. A'ishatu ita ce Shatu, ita ce Indo. Kakana Muhammadu ne a ranar suna, Nomau ne a bakin uwarsa don an haife shi lokacin noma. Mai gari ya ba mai karɓar haraji sunan da gari ya sani, shi kuma ya ba soja sunansa na yanka. Bugu da ƙari ba mu da sunan zuri'a mai ɗorewa irin na Turawa. Mutum yana ɗaukar sunan ubansa ne, ɗansa kuma ya ɗauki nasa, don haka suna na biyu yana sauyawa a kowane hawa. Wanda ya shiga ma'ajiya yana bin suna guda daga kaka zuwa jika, kamar yadda ake yi a Faransa, zai fito hannu rabbana. Abin bi shi ne jerin uku: sunan mutum, sunan uba, sunan ƙauye.

A ganina laƙabin nan da ke rikita mai bincike shi ne kuma babban abokin aikinsa. Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Auta ya rufe ɗaki. Ɗanladi, Talatu da Jummai suna faɗin ranar haifuwa, Azumi tana faɗin wata. Wanda ya iya karanta su zai jera ƴaƴan gida ɗaya bisa girma, ko da magatakarda ya hargitsa shekarunsu.

Shekara da mata

«Wajejen 1920» kintace ne: an dubi tsawon saurayi da faɗin ƙirjinsa aka yanka masa shekara. Gwaggo ta ce kakarta ta sha faɗa mata cewa ta haifi Nomau shekara guda bayan Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Ke nan 1915, tazarar shekara biyar. Na fi amincewa da maganar tsohuwa a nan, domin uwa ba ta manta shekarar da ta haihu cikin ƙarancin abinci, kuma rage wa yaro shekaru yana jinkirta shigarsa haraji. Kowane yanki yana da irin wannan kalanda ta baki: wucewar ayarin Voulet da Chanoine a 1899, yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917, ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945 wadda ta sa aka tashi tsohon gari zuwa tudu, har zuwa El Buhari ta 1984. Boureima Alpha Gado ya tattara sunayen yunwoyin nan da shekarunsu cikin littafinsa na 1993.

Kada dai a ɗauka baki ba ya kuskure. Jerin kakanni yakan taƙaice, a haɗe mutum biyu masu suna ɗaya, a tsallake wanda bai bar abin alfahari ba. Asalin bauta, wadda dokar 1905 ta haramta a takarda, shi ne abin da iyali suka fi binnewa, kuma shi ne rajistar kotu takan tono ba tare da kara ba. Mai bincike ya yi tunani tun da wuri kan abin da zai mayar gida da abin da zai riƙe a cikinsa.

Mata su ne suka fi ɓacewa. Ana gina littafin ƙidaya ne a kan maigida, mace kuma ta bar littafin ubanta ranar da aka kai ta ɗaki. Inda muryarta take fitowa da sunanta shi ne kotu: ƙarar saki, rikicin sadaki, rabon gado. Na yi kwana huɗu a wani ofishin karkara ina neman kakata cikin wata rajista da gara ta cinye gefenta, ban same ta ba. Daga baya ta fito daga inda ban zata ba, wata ƴar takarda ta ajami da wani malamin dangi ya soke cikin kundinsa, mai ɗauke da ranar ɗaurin aurenta da watan Musulunci. Irin waɗannan takardu suna nan a gidajen malamai, ban da dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami da Boubou Hama ya fara tarawa, waɗanda ke sashen rubutun hannu na cibiyar IRSH a Yamai.

Abin da ya shafi masu tsara yaƙi da jahilci

Matsalar ba ta tafi tare da kwamanda ba. Dokokin 1985, 2007 da 2019 sun faɗaɗa rajistar haifuwa, aure da mutuwa, amma sunayen da ke kan takardunmu sun ci gaba da bin rubutun Faransanci, alhali an daidaita haruffan Hausa tun taron Bamako na 1966, gwamnati kuma ta tabbatar da ƙa'idar rubutu a 1999. Dattijon da ya koyi rubuta «Isufu» a ajin dare yana buɗe katinsa ya ga «Issoufou», ya yi zaton na wani ne. Harafi guda da ya saɓa tsakanin takardar haifuwa da takardar makaranta yana iya tsayar da jarrabawar yaro ko fanshon gwauruwa. Tun da kundin 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, tambayar wane rubutu ne zai hau takardun jama'a ta ƙara matsowa.

Aiki biyu nake ganin suna cikin ikonmu. Na farko, ƙaramin ƙamus na sunayen mutane, wanda zai jera kowane suna da daidaitaccen rubutu, da laƙubbansa, da duk siffofin da ya ɗauka a Faransanci, Ingilishi da ajami, yanki bayan yanki. Cibiyar CELHTO, wadda ke tattara adabin baka a Yamai tun 1968, tana da faya-fayan da za a tantance lafazi da su. Na biyu, darasi cikin littafin manya inda kowane ɗalibi zai rubuta sunan iyayensa da kakanninsa, maza da mata, da garinsu, da abin da ya auku a shekarar haifuwarsu. Na gwada shi da gwaggo a Bobiyel cikin zama uku: ta kai ni hawa biyar ta wajen uba, hawa uku ta wajen uwa, ta kuma ba ni sunan ƙauye biyu da ban taɓa gani a taswira ba, waɗanda yanzu nake nema cikin rahotannin rangadi na Tasawa.