Daga Zauren Fatoma Zuwa Laimar Mai POS: Yadda Gaisuwa Ta Fita Daga Banki a Yerwa

Duk wanda ya ratsa unguwar Jiddari Polo da hantsi, wato unguwar nan ta gefen Maiduguri da ke daura da Barikin Giwa, ba zai yi nisa ba sai ya tarar da saurayi ko budurwa zaune ƙarƙashin laima ko cikin 'yar rumfar kwano, ga ɗan tebur, ga 'yar na'ura a tafin hannu, jama'a suna tsaitsaye, wannan zai ciri kuɗin cefane, wancan zai aika wa ɗansa na makaranta. Kuma in mai lura ne zai ga da wuya wani ya miƙa katinsa bai yi sallama an amsa ba, an tambayi gajiya da lafiyar iyali. Wannan gaisuwa da ta koma bakin titi, a dā cikin banki ake yin ta, kuma yadda aka yi ta fita daga can ta dawo nan shi ne abin da muka yi nufin bibiya a yau.

Tun kafin kalmar banki ta shiga bakin mutanen ƙasar nan, akwai ajiya, akwai rance, akwai lamuni. Falke in ya sauka a Kano ko Kukawa da kayansa, gidan fatoma yake nufa, shi ne zai ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa ga mai saye, ya kuma riƙe masa dukiyarsa har ya dawo daga wata tafiyar, ko wuri ne irin na ƙasar Hausa, ko gabaga irin ta Barno, ko azurfar nan ta Mariya Tereza mai ɗauke da shekarar 1780. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun riga sun shimfiɗa hukuncin wannan mu'amala a babin wadi'a, inda suka ce wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare haddi, kamar yadda aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, ta yi umurni da rubuta bashi da kafa shaidu. Amma fa jinginar da ta fi takarda nauyi a wancan zamani ita ce mutuncin mutum, domin wanda ya ci amana sau ɗaya a zango, labarinsa zai riga shi isa kowace kasuwa. Da wannan al'ada Hausawa da Larabawan Fezzan suka zauna a Yerwa, wato Maiduguri, bayan Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa ya kafa fadarsa a nan cikin 1907, har unguwannin Hausari da Fezzan suka ci sunayensu.

Banki irin na Turawa kuwa ta bakin teku ya shigo. A 1894 aka kafa Bank of British West Africa a Ikko, wanda a yau ake kira First Bank, kuma da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai shi da takwaransa Barclays suka biyo kamfanonin Turawa zuwa Arewa. Sanannen labari ne a Kano cewa a 1929 Alhaji Alhassan Ɗantata ya kai wa Bank of British West Africa ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙuma ashirin. Abin lura a cikin labarin kuwa shi ne, attajirin da ya tashi cikin fataucin goro, ya san sharaɗin amana ciki da waje, bai miƙa dukiyarsa ba sai ga mutanen da yake iya zuwa ya zauna gabansu, ya dube su ido da ido. Duk da haka, waɗannan bankuna hidimar kamfanoni irin su UAC da John Holt suka fi sa wa gaba, ɗan ƙasa kuwa ya yi ajiya amma rance ya yi masa wuya, wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta tsaya aka kafa Bankin Arewa a 1959, shekarar da Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki. Sa'an nan jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964, garin ya zama hedkwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, naira ta maye gurbin fam a 1973, aka ɗora wa bankuna buɗe rassa a karkara daga 1977, har ya zamana malamin makaranta da ɗan kasuwar shanu duk sun san hanyar banki.

Dattawan da suka riski wannan zamani suna iya siffanta shi dalla-dalla. Mutum zai shiga ya tarar da akawu a bayan kanta, gabansa ƙaton littafi, ya miƙa masa ɗan littafinsa na ajiya, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita da alƙalami, a buga hatimi, a ba shi 'yar lamba ya koma benci ya jira kira. In bai iya sa hannu ba ya dangwala, in bai ji Turanci ba masinja ko wani akawun ya yi masa tafinta da Hausa ko Barbarci. Akawun nan ya shekara goma a kujera ɗaya, saboda haka ya san sa hannun kowa kamar yadda makiyayi ya san shanunsa, ya san wane ɗan wane ne, har in ɗan fansho ya kwana biyu bai zo ba ya tambaya ko lafiya. Manaja kuwa mutum ne mai faɗa a ji a gari, ana ganinsa wajen suna da jana'iza, yana da ikon ba da rance gwargwadon wani haddi ba tare da ya jira izini daga nesa ba, kuma abin da yake dubawa bai tsaya ga takardar fili kaɗai ba, domin ya san dillalin raguna sai bayan Babbar Salla yake biya, mai kifin Baga kuwa sai kaya sun sauka Kudu, kuma in babban attajiri ya ce ya lamunci yaronsa, magana ta ƙare. Ashe banki, ko da yake baƙo ne, rigar fatoma ya ara ya sa, da ita jama'a suka karɓe shi.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi aibin wancan tsari, don kada begen dā ya rufe mana ido. Layi yakan yi tsawo har ana ba'a cewa mai zuwa banki ya tafi da tabarmarsa, ana rufe ƙofa tun kafin la'asar, kuma wanda ya yi ajiya a Maiduguri ba shi da ikon cirewa a Kano sai da wahala mai yawa. Sanayyar da ta zama rahama ga wanda aka sani, ita ce ta zama hijabi ga talaka da mace da baƙo, bal ma rancen da aka riƙa ba abokai da 'yan uwa ba a biya ba yana cikin abin da ya durƙusar da bankuna da dama, har aka soke lasisin 26 a rana ɗaya cikin Janairun 1998.

Maganin da aka kawo wa wannan ciwo shi ne na'ura. Tun 1967 bankin Barclays ya kafa na'urar ba da kuɗi ta farko a unguwar Enfield ta Landan, amma a nan sai da sababbin bankuna irin su Zenith da Guaranty Trust suka fito da kwamfuta a farkon shekarun 1990, wayar salula ta zo a 2001, kamfanin Interswitch ya fara haɗa na'urorin bankuna daga 2002, kāna al'amarin ya kankama. A 2004 Gwamnan Babban Banki Charles Soludo ya wajabta wa kowane banki jarin naira biliyan 25, bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25, Bankin Arewa ya narke cikin Unity Bank a 2006. Daga nan hukuncin rance ya koma hedkwata, akasari a Ikko, inda mai yanke shi bai taɓa ganin Kasuwar Monday ta Maiduguri ba. Aka yawaita ma'aikatan kwantiragi da ake sauyawa kafin su riƙe sunan kowa. Aka kafa ƙofar gilashi mai magana da Turanci, wadda ke mayar da mutum baya saboda makullin da ke aljihunsa. Tsarin rage amfani da tsabar kuɗi ya fara a 2012, lambar BVN ta biyo baya a 2014, mai ajiya ya zama lamba goma sha ɗaya da zanen yatsa.

Ba a musun cewa an sami sauƙi, tun da yau mutum yana kwance a ɗakinsa zai aika kuɗi Fatakwal cikin ƙiftawar ido. Illa dai na'ura tana da sharuɗɗa biyu, wuta da sabis, kuma Barno ta ɗanɗani rashin kowannensu. Fitinar da ta tashi a 2009 ta rufe rassan bankuna a garuruwa da yawa, ta koro jama'arsu zuwa Maiduguri, Jiddari Polo kanta ta sha hari a 2017 da 2018. A Mayun 2013 aka katse layukan waya na watanni bayan kafa dokar ta-ɓaci, a Janairun 2021 kuma aka fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, birnin ya daɗe cikin duhu. Sa'an nan ga canjin kuɗi na farkon 2023, lokacin da mafi yawan ƙananan hukumomi 27 na jihar ba su da reshen banki ko ɗaya, mutane suka kwana a bakin na'urori, aka sayi naira da naira, ana cikin haka Kasuwar Monday ta ƙone ran 26 ga Fabrairu, kafin Kotun Ƙoli ta halatta ci gaba da karɓar tsofaffin takardu ran 3 ga Maris. Abin da ya ciyar da gidaje da yawa a waɗannan makonni shi ne littafin bashin mai shagon unguwa, wanda ya ba da shinkafa da mai bisa sanin fuska, kamar yadda kakanninsa suka yi.

Mai POS, wanda ƙa'idar wakilcin banki ta 2013 ta buɗe wa hanya, shi ne ya gaji wani yanki na wannan matsayi, ko da yake wasunsu sun tsawwala caji a lokacin ƙunci. Ya san abokan cinikinsa, yana jin harshensu, yana haƙuri da tsohuwar da ta manta lambarta, amma ranar da kuɗi suka maƙale, aka cire a asusu ba su fito ba, iyakarsa ya ce, "Baba, sai dai ka je banki." A can kuwa za a ba dattijo takarda ya cike, a ce ya dawo bayan kwanakin aiki kaza, ko a ba shi lambar waya inda muryar da aka naɗa za ta ce ya danna ɗaya ko biyu. Wannan gurbi da banki ya bari 'yan damfara suka shiga, domin su ne yanzu ke kiran mutum da cikakken sunansa, su gaishe shi da Hausa mai daɗi, su ce daga banki suke, su roƙi lambar sirrinsa. Kuma dattijon da ya shekara yana marmarin ma'aikacin da zai kula da shi, da wuya ya yi musu rowa.

Saboda haka kiranmu ga shugabannin bankuna da Babban Banki shi ne, tun da Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, a ajiye a kowane reshe mutum mai jin Hausa da Barbarci da Larabcin Shuwa, a bar shi ya daɗe a wurin har ya san jama'a, a kuma ba shi ikon warware matsala nan take, tare da inuwa da wurin zama ga tsofaffi da mata. Kai kuma mai karatu, ka gaya wa iyayenka cewa banki ba ya kira ya tambayi lambar sirri. In an kira su, su kashe wayar, ka raka su reshe da ƙafarka.