Da An Rufe Mashigin Suwez

'Yar'uwa, a Ƙofar Guga kakata ta yi zaman jiran mijinta, wanda aka ɗauka soja aka tura yaƙin Habasha. Ita ko sunan Musolini ba ta sani ba.

Nakan ce, da a 1935, sa'ad da Italiya ta afka wa Habasha, manyan ƙasashe sun haɗa kai sun hana ta fetur, Ingila kuma ta rufe mata mashigin Suwez, da motocin yaƙinta sun tsaya cik. Amma ina! Takunkumin nasu bai taɓa fetur ba. Su ma fa 'yan mulkin mallaka ne, gwano ba ya jin warin jikinsa.

Sai a 1941 aka kori Italiya daga Addis Ababa, har da jinin samarinmu. Kakanmu bai dawo ba. Bargonsa aka kawo mata.