Rai-ɗore: Baƙon tsiron da ya zama ɗan gida

Rai-ɗore, ko sanga-sanga, tsiro ne dangin wake wanda masana ke kira Senna occidentalis. Asalinsa yankunan zafi na nahiyar Amurka, amma ya daɗe da zama ɗan gida a ƙasar Hausa, inda yakan fito da damina a gefen hanya da kan juji. Furensa ruwan ɗorawa ne, ganyensa kuma yana wari idan aka murza.

An saba dafa ganyen a sha ko a yi sirace saboda zazzaɓi. Haɗarin yana ga ɗanyun 'ya'yansa, waɗanda ke lalata hanta da tsoka, har su kashe dabbobi idan sun gauraya da abincinsu. A yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya, likitoci sun danganta mutuwar yara da dama da cin 'ya'yan.