Idon kyamarar wayarka ba ya gane launi: tarihin yadda aka koya masa 🧵

1/ Kafin ka ci gaba, gwada wannan. Ɗauki rimot ɗin talabijin, ka saita bakinsa ga kyamarar gaba ta wayarka, ka danna. A wayoyi da yawa za ka ga haske yana ƙyaftawa a allo, alhali idonka bai ga komai ba. Wannan ɗan hasken yana da tarihi. Ku biyo ni.

2/ A bayan gilashin kyamara akwai ɗan fallen silikon. Aikinsa shi ne haske ya faɗo masa, ya mai da shi lantarki. Amma ba ya zaɓe. Ja, kore, shuɗi, duk ɗaya ne a wurinsa. Yawan haske kawai yake ƙirgawa, kamar rediyon da ke kama duk tashoshi a lokaci guda.

3/ Shi ma haske yana da zango kamar tashar rediyo, kowane launi da nasa. Idon mutum yana gani daga wajen nanomita 400 zuwa 700. Silikon kuwa yana amsawa har kusan 1100, can inda hasken rimot yake. Tambayar da ta daɗe tana cin injiniyoyi: ya za a takaita shi ya kama zango guda?

4/ A 1969, Willard Boyle da George Smith na Bell Labs a Amurka suka ƙirƙiro CCD, fallen da ke tara haske ɗigo-ɗigo ya zama hoto. Aikin ne ya ba su kyautar Nobel a 2009.

5/ A 1975, Steve Sasson na kamfanin Kodak ya haɗa kyamarar dijital da irin wannan falle. Nauyinta kilo 3.6, ɗigon hotonta 10,000 kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Hoton baƙi da fari ne, don silikon bai san launi ba.

6/ A Kodak ɗin dai aka samo mafita. Bryce Bayer ya ce a ɗora wa kowane ɗigo ɗan mataci mai launi, wanda zai bar launi ɗaya ya wuce, ya tare sauran. Rabin ɗigogin kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Kore ya fi yawa ne don idonmu ya fi jin sa. An ba shi shaidar mallakar fasahar a 1976.

7/ To ga inda gizo ke saƙar. Ɗigon da ke ƙarƙashin jan mataci bai san komai game da kore da shuɗi ba. Wayar ce ke duba maƙwabtansa ta ƙiyasta. Wato kashi biyu cikin uku na launin hoton da ka ɗora jiya, lissafi ne ya cike shi.

8/ Matacin kuma ba kyauta yake aiki ba: wajen kashi biyu cikin uku na hasken yake tarewa. Da rana babu damuwa. Amma a wurin biki da daddare, in hoton ya fito da dishi-dishi, wannan asarar tana cikin dalilai. Akwai kuma mataci na biyu mai tare hasken da ba ma gani. Na rimot ɗin nan, abin da ya tsallake shi ne.

9/ Sai wasu suka ce, me zai hana fallen ya yi zaɓen da kansa? An san shuɗi yana tsayawa kusa da saman silikon, kore ya ɗan nutsa, ja ya fi nisa. Kamfanin Foveon ya jera hawa uku bisa wannan, ya fito a kyamarar Sigma SD9 a 2002. Hoto ya yi kaifi, sai dai launukan suna shiga juna, kuma a duhu yana wahala.

10/ A 2015 aka zo da wata dabarar. Masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostareliya suka ƙara wa fallen kauri da gangan. Yawancin haske saman fallen ke shanye shi, lantarkin da ya haifar ya mace kafin ya isa inda ake karɓarsa. Zango guda mai iya nutsawa ciki ne kaɗai ake ƙirgawa.

11/ A shekarar dai, ayarin Jinsong Huang a Jami'ar Nebraska suka yi haka da wani sinadari mai suna perovskite, suka matse zangon zuwa ƙasa da nanomita 20, ba tare da mataci ba. Sai dai sinadarin yana ɗauke da dalma, kuma danshi yana lalata shi.

12/ Shi ya sa har yau, kusan kowace waya tana tafiya ne da tsarin Bayer ko wani ɗan'uwansa. Shi kansa ya rasu a 2012, mutane ƙalilan ne suka san sunansa.

13/ Yanzu ku je ku gwada rimot ɗin, da kyamarar gaba da ta baya. Wacce ta fi nuna hasken a wayarku? Ina jiran amsa a ƙasa. 👇