Tsami da Tsatsa: Tarihin Gyaran Ruwa a Fagge da Sabon Gari

Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasar Kano yana kwance ne cikin ruɓaɓɓen dutse da marmara, kuma daga nan yake ɗauko halinsa. Marmara cike take da ƙarfe, dutsen da ke ƙasanta kuwa ba shi da sinadarin farar ƙasa mai yawa da zai kashe tsami. Don haka akan sami rijiyar da ruwanta ke fitowa garau, amma idan ya kwana a buɗe sai ya yi ja, ya bar tabo a mazubi. Wannan matsala, wadda masu kwamin ninkaya ke kuka da ita a yau, ta girmi famfo a Fagge da Sabon Gari.

Fagge tsohon zango ne a wajen ganuwa, kuma ana danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A nan ayarin Buzaye ke sauke kaya su ɗaure raƙuma. Mutane da dabbobi duk sun dogara ne da rijiyoyi, da kududdufan da aka bari bayan haƙar ƙasar gini, da kuma rafin Jakara. Gyaran ruwa a lokacin aikin cikin gida ne: a tace da ƙyalle, a zuba a randa, a bari ya kwanta. Ajiyar randa tana da amfanin da ya wuce sanyi, domin ƙarfen da ya narke cikin ruwa yakan haɗu da iska ya zama tsatsa, ya sauka ƙasa, a ɗebi na sama. Daga baya alif ya yaɗu a kasuwanni, ana jefa ɗan kaɗan cikin gurɓataccen ruwa ya tattara laka.

Sanin tsami da maganinsa shi ma daɗaɗɗe ne. Kanwa tana zuwa kasuwannin Kano daga Barno da ƙasar Mangari, kuma duk mai dama kunu ta san tana kashe tsamin gasara. Marina, irin na Ƙofar Mata, sun san baba ba ya kama zane sai an haɗa shi da toka. Babban sinadarin da ke cikin kanwa shi ne wanda masana'antu ke sarrafawa su sayar da sunan garin soda, kuma da shi ake gyara ruwan da tsami ya yi wa yawa.

Al'amura sun sauya bayan Turawa sun ci Kano a 1903. Layin dogo ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, Kwarori kuma suka kafa kantuna a Fagge ta Kudu. Jama'a ta ƙaru cikin gaggawa, masai ya matso kusa da rijiya, ruwan sha ya zama abin damuwa. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta kammala aikin ruwa da lantarki a bakin kogin Challawa, aka riƙa tura ruwa zuwa ma'ajiyar da ke kan Goron Dutse, daga nan ya gangaro gari.

Gidan ruwa ya mayar da dabarun gida aikin awo. Ana zuba alif ya kwantar da laka, a tace ta cikin yashi, a sa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Amma alif da kansa yana ƙara wa ruwa tsami, shi ya sa ake bin sa da farar ƙasa kafin a sake shi cikin bututu. Ma'aunin da ake dubawa shi ne pH, wanda masanin sinadarai Sørensen na ƙasar Denmak ya fito da shi a 1909. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, abin da ya gaza ta mai tsami ne, kuma raguwar lamba ɗaya na nufin tsami ya ninka sau 10. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta amince da 6.5 zuwa 8.5, ta kuma iyakance ƙarfe a miligiram 0.3 cikin lita ɗaya.

An ci gaba da faɗaɗa aikin da madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, da madatsar Challawa a 1992, da matatun Tamburawa da Watari. Duk da haka yawan jama'a ya tsere wa famfo. 'Yan ga-ruwa, waɗanda a da ke saɓa garwa biyu a sanda, suka koma tura kura cike da jarkoki. Daga shekarun 1990 ruwan leda ya cika kasuwa, rijiyar burtsatse kuma ta zama ta kusan kowane babban gida da otal. Jakara ta koma magudanar datti, rafin Getsi yana kawo mata ruwan masana'antun Bompai. Sakamakon haka, aikin da gidan ruwa ke yi wa gari baki ɗaya ya dawo kan magidanci, wanda galibi ba shi da abin awo.

Kwamin ninkaya ya fara ne a kulob da otal-otal na unguwannin Turawa irin su Bompai da Nasarawa, sannan ya shiga gidajen masu hali. A Fagge da Sabon Gari, inda gidaje ke manne da juna, an fi samun sa a otal, amma alamun matsalar suna bayyana a tankin sama, da tayil ɗin banɗaki, da farin tufafi. Launin tabo yana nuna tushensa. Ja ko ƙasa-ƙasa ƙarfe ne, daga rijiya ko tsohon bututu. Kore mai ratsin shuɗi tagulla ce da ruwa mai tsami ya ci daga kayan famfo. Baƙi kuwa yawanci manganis ne. Kulorin yana hanzarta lamarin, domin da zarar ya taɓa narkakken ƙarfe sai ya mai da shi tsatsa. Ƙwayar kulorin mai narkewa a hankali tana da tsami sosai, ruwan damina kuma yana sirka kwami ya rage masa ƙarfin jure tsami. Ruwan da pH ɗinsa ya faɗi ƙasa da 7 yana sa ido zafi, yana cin siminti da inji.

Gyaran yana da jeri, kuma saɓa jerin ne ke jawo asara. Ana farawa da awo, ana neman pH tsakanin 7.2 da 7.8, ƙarfin jure tsami kuma tsakanin miligiram 80 da 120 a lita. Idan tabon ƙarfe ne, sai a bari kulorin ya yi ƙasa, a zuba garin bitamin C, wanda ke narkar da tsatsa daga bango. Nan take ake bin sa da maganin da ke riƙe ƙarfe a narke, a bar inji yana juya ruwa, a wanke matata, a sauya wani kaso na ruwan. Sai bayan haka ake ɗaga pH ɗin ruwan da bekin soda ko garin soda, kaɗan-kaɗan, ana awo a tsakani, domin ɗagawa lokaci ɗaya tana mayar da ƙarfen jikin bango. Kanwar kasuwa ba ta dace ba, saboda ƙasa da gishirin da ke cikinta ba su da ma'auni. Kulorin shi ne na ƙarshe, shi ma a hankali.

Rigakafi ya fi sauƙi da arha. Ruwan burtsatse mai ƙarfe ana fara feshe shi cikin tanki ya sha iska, a bar shi ya kwanta, a tace kafin ya shiga kwami ko bututun gida. Ana maye tsofaffin bututun ƙarfe da na roba, ana auna ruwa kowane mako da kuma bayan ruwan sama mai yawa, sannan a kai samfurin rijiya ɗakin gwaji a kai a kai, musamman a gidajen da ke kusa da Jakara.